Daga Ramzi Zuwa "Ykk": Taƙaita Rubutu Tsakanin Dattawa da Matasa a Birnin Kano



Koken da aka fi ji daga bakin iyaye da malaman makaranta a cikin birnin Kano game da rubutun matasa shi ne wai waya ta ɓata musu hannu. Yaro zai turo saƙo, a wurin sallama a ga slm, "yaya kake" ta koma ykk, "lafiya" ta koma lfy, "na gode" ta zama ngd, su kuma "saboda" da "gaskiya" da "wallahi" su fito a sbd da gsky da wlh. Dattijo ya juya wayar, ya sake dubawa, daga ƙarshe ya miƙa wa jikansa ya karanta masa. Hukuncin da yakan biyo baya kuwa guda ne: yaran zamani sun kawo baƙon abu, idan aka zuba musu ido za su kashe rubutun Hausa. Ina da ja a kan wannan hukunci. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne taƙaita rubutu tsohon abu ne a cikin ganuwar Kano. Malaman zaure sun yi, 'yan boko na farko sun yi, kuma da su da matasan yau doka ɗaya suke bi, wato a yanke abin da mai karatu zai iya cikewa da kansa. Inda aka rabu shi ne a kan abin da ya halatta a yanke. A wannan gaɓa dattawa suna da gaskiya, sai dai sun kafa hujja da abin da bai dace ba, kuma su ma laifin bai bar su ba.

Mu fara da zaure. Kafin Turawa su shigo Kano a 1903, takarda daga ƙetaren Sahara take zuwa, ta hanyar Tarabulus, da yawanta ƙirar Italiya mai tambarin wata uku. Abu ne mai tsada, kuma kowane littafi da hannu ake kwafe shi, da alƙalamin kara da tawada. Wanda ke wannan aiki ba zai yi ta maimaita dogon suna sau ɗari ba alhali harafi ɗaya ya wadatar. Ilimin da ake karantarwa a Madabo da sauran zaurukan fiƙihu ya zo da nasa alamomin tun daga Masar da Magrib, kuma har gobe ɗalibin da ke zaune a kan buzu gaban malami yana cin karo da su. A littattafan sharhi, ص na nuna maganar mai littafi, ش na nuna maganar mai sharhi. Inda maganar da aka ciro ta ƙare sai a sa اهـ, inda aka bar sauran jimla ga sanin mai karatu sai a sa الخ. Wanda ya buɗe hashiyar Dasuƙi a kan sharhin Dardiri na Mukhtasar zai ga manyan malaman Malikiyya sun koma harufa: عج shi ne Aliyu Ajhuri, عبق Abdulbaƙi Zurƙani, ح Haɗɗabi, تت Tata'i, بن Bannani. A fagen hadisi, ثنا na tsaye a madadin "haddasana", kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a shekara ta 1505, ya bi hadisan Jami'us Sagir da harufa: خ Buhari, م Muslim, ق su biyun tare, د Abu Dawuda, ت Tirmizi. Abin lura shi ne babu ɗalibin da ke furta waɗannan alamomi yadda aka rubuta su. Ido ya ga gajere, baki ya faɗi cikakke, malam ya fassara. Haka ma yaron da ya ga lfy a wayarsa, "lafiya" yake karantawa.

Mawaƙan ajami sun ƙara nasu salon, wato ramzi. Mawaƙi kan rufe waƙarsa da wata kalma da, idan aka lissafa ƙimar harufanta, za ta ba da shekarar hijira da aka yi waƙar. A lissafin mutanen Magrib da aka bi a ƙasar Hausa, ش dubu ne, ر ɗari biyu, س ɗari uku, shi ya sa ramzin waƙoƙin zamanin jihadi da bayansa yakan fara da ش da ر. Wanda bai san lissafin ba zai ɗauka kalmar shirme ce, mai ilimi kuwa ya karanta shekara. Akwai masu hasashen cewa zubar da wasula da matasa ke yi, su bar baƙaƙe, sun gaje shi ne daga rubutun Larabci marar wasali. Hasashen na da daɗin ji, amma tarihin ajami bai goyi bayansa ba. Malaman da suka rubuta Hausa da ajami sun saba cika mata wasali, domin sun san Hausa ba ta karantuwa da baƙaƙe tsura. Ke nan mutum guda ne zai dunƙule sunan Zurƙani a harafi uku, sannan ya bi baitin Hausa yana ɗora wa kowane baƙi wasalinsa. Ya san inda mai karatu zai iya cikewa da inda ba zai iya ba.

Boko ya zo da wani iri. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da harufan boko a 1912, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939. Tare da ofis da fayil sai aka sami taƙaitawa irin ta Turanci, wadda ake tsintar harafin farko na kowace kalma. Wannan kuwa bai tsaya a takarda ba, ya shiga baki. N.A. ta zama En'e, D.O. ya zama Di'o. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da abokiyar hamayyarta NPC, da PRP ta Malam Aminu Kano a 1978, duk da waɗannan harufa talakawa suka san su, suka yi musu waƙa, wasu suka sha ɗauri a kansu. An kafa NEPA a 1972, an canja mata suna a 2005, tun 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a Kano, amma har yau a lungunan Yakasai da Mandawari yara ihun Nepa suke yi in an kawo wuta. Ana cewa 'yan Karota, ana hawa Keke Napep, ana zana Jamb. Tsohuwar da ke cewa Nepa a Jakara ba ta san dogon Turancin da aka dunƙule a ciki ba, kuma ba ta bukatar sani, don kalmar ta riga ta sami jinsi da gurbi a jimlar Hausa. In dai baƙon abu ake nema, to ga shi nan, kuma iyaye da kakannin matasan yau ne suka karɓe shi. Hausa ta haɗiye shi ba ta shaƙe ba.

Rubutun bokon kansa ma taƙaitacce ne tun asali. Ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, haka farin launi da farin rashin ruwan sama. Duk mai karanta Hausar boko kullum cikewa yake yi daga muhallin magana, ya saba har ba ya lura.

Misalin da ya fi fito da dokar fili yana kan allunan shaguna da ambulan da katin ɗaurin aure na birnin nan. Kanawa sun daɗe suna rubuta K/Mata, K/Na'isa, K/Wambai, S/Gari, T/Wada, R/Lemo, U/Uku, D/Kudu. A duba da kyau wace kalma ake yankewa. Kullum ta farko ce, wadda kowa zai iya hasashenta, a bar ta biyu cikakkiya domin ita ke rarrabewa. Babu mai rubuta K/M, domin ba za a san Ƙofar Mata yake nufi ko Ƙofar Mazugal ba. K/N zai bar mutum tsakanin Nasarawa da Na'isa, K/W kuma tsakanin Wambai da Waika, kuma duk wanda ya san birni ya san tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Babu hukumar da ta zauna ta tsara wannan, hankalin masu rubutu ne ya kai su. Haka Alh. da Haj. da Mal. a gaban suna: laƙabin ake gajartawa, sunan mutum yana nan cikakke.

Da wannan mizani za mu auna rubutun matasa. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001, lokacin da MTN da Econet suka buɗe layukansu. Kira na da tsada, don haka aka raja'a a kan saƙon tes, shi kuwa harafi 160 yake ɗauka, in an haura ko da ɗaya ne an biya kuɗin saƙo biyu. Harufan Hausa masu ƙugiya ba sa cikin jerin harufan da aka gina tsarin a kansu. Wayoyin ba su da su, kuma ko da wayar na iyawa, ƙ guda ɗaya tak ta isa ta mayar da iyakar saƙon harafi 70. Ga kuma wahalar madannai, inda harafi uku ko huɗu ke cunkushe a kan lamba ɗaya. Kafin a rubuta "lafiya" sai an danna sau 14, lfy kuwa sau 9. "Gaskiya" na cin danni 15, gsky na cin 10. Harafin z sai an danna lamba 9 sau huɗu, x kuwa sau biyu, kuma Hausa ba ta amfani da x, saboda haka gurbinsa a buɗe yake. A ganina wannan ya isa ya bayyana yadda "zan zo" ta koma "xan xo". Shi kuma q da ake sawa a madadin ƙ, kamar a "qasa" da "qauna", ya cancanci yabo maimakon zargi: yaron ya ji bambancin k da ƙ a bakinsa, wayar ta hana shi harafin, sai ya nemo wanda ya yi daidai da ق da ajami ke amfani da shi. Wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" shi ne ya yi asarar wani abu. In aka tattara kalmomin da matasa ke gajartawa kuma, za a ga ba su da yawa, kuma yawancinsu na gaisuwa ne da godiya da rantsuwa da mahaɗan jimla, wato inda hasashe ya fi sauƙi. Dokar K/Mata ce dai. Bayan zuwan manyan wayoyi da 2go da WhatsApp, dalilin kuɗi ya kau, amma salon ya zauna, ya zama alamar tsara. Dattawa da yawa kuma, musamman mata da 'yan kasuwar Kurmi da Kwari, suka tsallake rubutun gaba ɗaya suka kama saƙon murya.

Suka ta farko da za a yi wa wannan bayani ita ce: ko da abin yana da tarihi, yana lalata ƙa'idar rubutu, domin malamai na ganin ɓurɓushinsa a takardun jarrabawa. Masu kare matasa sukan kawo littafin David Crystal na 2008 a kan saƙon tes, da binciken Clare Wood da Beverly Plester a Jami'ar Coventry, wanda bai sami wata illa ga iya rubutun yaran Ingila ba. Ba na ganin ya dace a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa Kano kai tsaye. Yaron Ingila yana shan horon rubuta harshensa kullum a aji, gajartawar wasa ce a gefen abin da ya riga ya iya. Yaron Kano kuwa, duk da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da shi da harshen uwa, sau da yawa yana gama firamare ba a zaunar da shi an koya masa rubuta Hausa ba, a wasu makarantun kuɗi ma hana shi magana da ita ake yi. Ga irin wannan yaro, waya ce makarantar rubutun Hausarsa ta farko. Amma wannan ya mayar da tuhumar kan aji. Kurakuran da suka fi yawa a rubutun ɗalibai su ne haɗe kalmomi, irin su "yace" da "dashi" da "acikin", da rikita "a kan" da "akan", da zubar da ƙugiya. Duk waɗannan sun cika allunan shaguna da jikin motocin haya da littattafan adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980 da 1990, kafin kowa ya riƙe salula. Inda na yarda da masu sukar shi ne a dogayen labaran da ake rubutawa a waya ana rarrabawa, inda sbd da hk (haka) da dftn (da fatan) ke kutsawa cikin zube. A nan an karya dokar, domin mai karanta labari bai san abin da ke tafe ba, kuma marubucin da ke neman suna a adabi ya kamata ya ba kowace kalma haƙƙinta.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Malaman da suka yi amfani da alamomi sukan bayyana su a gabatarwar littafi, kamar yadda Suyuɗi ya yi, saboda haka duk ɗalibi yana da mabuɗi. Na matasa ba shi da mabuɗi, kowa da yadda ya ga dama. Gaskiya ne, kodayake ƙarancin kalmomin da yawan maimaita su ya sa sun daidaita da kansu, da wuya ka sami ɗan sakandare a Gwale ko Dala da zai tsaya tunani a kan ngd. Sai dai akwai wurin da asarar take ta gaske. Wasalin Hausa ba ado ba ne, shi ke ɗauke da jinsi da adadi a wakilin suna. "Kake" da "kike" da "kuke" wasali ɗaya ne ya raba su, kuma kk ta haɗiye duka ukun. Ykk ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba, ba ta san jam'in girmamawa ba. Tsakanin abokai wannan ba komai ba ne, kowa ya san da wa yake magana. Matsalar na tasowa ne in saƙon ya haura sama.

A nan ne nake ganin asalin rikicin yake. Gaisuwar Bahaushe ita ce maganar da ta fi kowace sauƙin hasashe. Kowa ya san bayan "ina kwana" sai "ina gajiya", sai iyali, sai jiki, sai zafi ko sanyi, kuma amsar ba ta canjawa ko da mutum a kwance yake. Bisa dokar da muka bibiya tun daga zaure, ita ce ta farko da ya kamata a yanke, kuma ita matasa suka fara yankewa. Amma ba labari ake nema a gaisuwa ba. Ƙimarta na cikin lokacin da aka ɓata a kanta da ƙasƙantar da kai da aka yi. Yarinya a cikin birni ba za ta tsaya a kan mahaifinta ta ce "yaya kake" ba. Durƙusawa za ta yi ta ce, "Baba, ina kwana, an tashi lafiya?", ta kauce wa "ka" gaba ɗaya. Ɗalibi zai cire takalmi ya ce "Allah gafarta Malam", talaka ya ce wa hakimi "ranka ya daɗe". Idan wannan yarinya ta tura wa mahaifinta "slm ykk", abin da ya gani shi ne gaisuwar tsaye, irin wadda ake jefa wa sa'a a bakin hanya. Da ya tashi kokawa sai ya ce rubutu ya lalace, domin shi ne abin da ido ya kama, alhali ladabi ne ya ji an tauye. Shaidar haka ita ce mutumin nan bai taɓa jin haushin K/Mata ba. Ina kuma ganin wannan na cikin dalilan da suka sa dattawa suka rungumi saƙon murya, domin yana ba su damar jero gaisuwa yadda aka saba kafin a shiga bukata.

Malaman hadisi sun riga mu rarrabe wannan. Ibnu Salah, wanda ya rasu a 1245, a cikin Muƙaddimarsa ya kawo gajarta "haddasana" a matsayin abin da marubuta suka saba, bai ga aibinsa ba. A littafin nan dai ya ƙi a gajarta salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi a rubuta shi cikakke komai yawan maimaituwarsa, kuma Suyuɗi ya bi shi a kan haka. Dalilin a fili yake. Alama ta farko nuni take yi zuwa ga abin da aka sani, salati kuwa shi kansa aikin ne, in an yanke shi ba a yi shi ba. Sallama addu'a ce, ta'aziyya addu'a ce, gaisuwar na gaba aiki ne, duk suna ɓangare ɗaya da salati. To a nan ne hannun manya ma bai fita ba. SAW da SWT da RA ba yaran WhatsApp suka ƙago su ba. Suna cikin littattafan addini na boko da kalandu da katunan biki da takardun jami'a shekaru da dama kafin 2001, kuma an gina su ne a kan salon Turanci na tsintar harafin farko. Uban da ke rubuta SAW yana faɗa a kan slm abu ɗaya suke yi da ɗansa, bambancin kawai shi ne nasa ya tsufa har ido ya saba da shi.

Saboda haka ba na goyon bayan kiran da ake yi na a yaƙi gajartawa gaba ɗayanta. Ba zai yiwu ba, kuma zai sa malami ya yi asarar abin da zai iya koyarwa da shi. Yaron da ya rubuta gsky ya nuna ya iya ware baƙi daga wasali, wanda ya rubuta "qasa" ya nuna kunnensa na rarrabe k da ƙ, kuma waɗannan su ne darussan farko na ƙa'idar rubutu. Yanzu madannan manyan wayoyi suna da ɓ da ɗ da ƙ ga wanda ya zaɓi Hausa, uzurin da ya halatta q ya kau, saura a nuna wa yara inda suke. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da kwalejojin horon malamai na Kano suna da ikon tattara waɗannan gajerun siffofi daga bakin masu su, a jera su tare da na zaure da na zamanin En'e, a sa su cikin darasin rubutun wasiƙa. A ba ɗalibi saƙo ɗaya, misali sanar da rasuwar maƙwabci da lokacin jana'iza, a ce ya rubuta shi sau uku: ga abokinsa, ga yayarsa da ke aure a Fagge, da kuma ga malaminsa na Islamiyya. A bar shi ya gajarta sunan unguwa a duka ukun in ya so, a ƙyale masa ngd a na farko. Maki kuwa a ba shi a kan ko ya san wa zai ce wa "ka", wa zai ce wa "ku", da kuma ko ya rubuta "Allah ya jiƙansa" da dukkan harufanta.